Ina zan kai hotunan bikina a wanke?

Assalamu alaikum Anti. Wata takwas ke nan da bikina, har yau hotunan suna cikin waya. Mai hoton ya turo min su ta WhatsApp, sun haura ɗari shida. Ina son albam ɗaya, da babban hoto na firam, da 'yan ƙanana na raba wa dangi, don Hajiyar maigidana ta tambaya har sau uku. Akwai kuma hoton marigayiya mahaifiyata, shi kaɗai gare mu, ɗan ƙarami ne kuma ya fara jirwaye, ina so a ƙara masa girma. Wuri uku nake dubawa. Akwai shago a bakin layinmu mai araha, yau ka kai yau ka karɓa. Akwai wani babban wurin wanki a Kano, kuɗinsa ya kusa ninka na nan, ga kuɗin mota. Sai wata mai talla a Instagram daga Legas, albam ɗinta gwanin kyau, amma sai an biya duka kafin ta fara. Maigida ya ba ni kuɗi ya ce kada in sake dawo masa da maganar, shi a wurinsa hoto hoto ne, in kai na bakin layi in huta. Ni kuma na ga albam ɗin ƙawata, shekara biyu kacal ya koma kamar na kakanni. Yaya zan yi?

Amarya daga Azare

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya jiƙan Mama, Ya sa ta huta.

Kafin mu je kan wurare ukun nan, akwai abin da ya tsaya min a wasiƙarki, kuma ke ba ki ma ɗauke shi a matsala ba: cewa mai hoton ta WhatsApp ya turo miki hotunan. Idan haka kawai ya zabo su ya tura kamar yadda ake tura hoton abinci a guruf, to abin da ke wayarki ba shi ne abin da kyamararsa ta ɗauka ba. WhatsApp yana matse hoto don kada ya ci data. Kyamarar masu ɗaukar biki, irin mai megafiksel 24, tana fitar da hoto mai fiksel (wato ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto) 6000 a tsawo da 4000 a faɗi. Da ya bi ta WhatsApp a turawar yau da kullum, tsawon nan yakan dawo wajen 1600. A fuskar waya ba za ki ga bambanci ba, don wayar tafin hannu ce. A takarda kuwa asiri yake tonuwa. Wanki mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai inci 4 da 6 yana buƙatar 1200 da 1800, mai 5 da 7 yana buƙatar 1500 da 2100, mai 8 da 10 kuma 2400 da 3000. Kin ga na WhatsApp da ƙyar zai ishi ɗan ƙaramin. In kika ce a ja shi ya cika firam ɗin falo, fuskarki za ta fito kamar an shafa mata man shanu, adon leshinki ya koma dishi-dishi. Ko Dubai kika kai shi haka zai fito, kuma ba laifin mai wanki ba ne.

Ki gwada yanzu. Buɗe hoto ɗaya ki duba bayanansa ki ga nauyinsa. In kin ga kilobait ɗari da wani abu ko ɗari biyu, matsattse ne. Na asali yakan kai megabait biyar, goma, har sama. Idan matsattsu ne, aikinki na farko ba neman wurin wanki ba ne, kiran mai hoton ne. Ki ce ya zuba miki na asali a filas, ko ya ɗora su a Google Drive, ko in dole sai WhatsApp ɗin to ya turo su a matsayin dokumen, don ta nan ba a taɓa su. Alamar HD da suka ƙara a 2023 ta rage ɓarnar, amma ita ma tana matsewa. Kuma ki kira shi yau, kada ki bari sai gobe. Wata takwas ba kaɗan ba ne a wurin mai hoto. Kowane ƙarshen mako yana da biki, kwamfutarsa tana cika, kuma da yawansu sharewa suke yi ba tare da sun tambayi kowa ba. In ya ce sai kin ƙara masa wani abu, ki yi ciniki ki biya. Duk kuɗin da za ki kashe a wannan harka, babu wanda ya kai wannan amfani.

To sai maganar maigida, cewa hoto hoto ne. Ban ga laifinsa ba, don ranar da aka karɓo su duk iri ɗaya suke, suna ƙyalli suna ɗaukar ido. Ni ma haka na ɗauka lokacin sunan ɗana na fari. Na kai wani shago kusa da mu saboda araha da sauri, aka cika min leda da hotuna, na dawo gida ina murna. Ɗaya na jingina a kan shokes ba gilashi. Kafin yaron ya shiga makaranta, koriyar atamfar da muka yi anko ta zama ruwan goro, farin ragon sunan ya koma ruwan hoda, mu duka muka yi ja kamar an ɗauke mu a bakin murhu. Wanda na rufe a cikin littafi bai lalace haka ba. Daga baya wani tsohon mai hoto ya bayyana min dalili, kuma shi nake so ki fahimta, don shi ne zai raba miki gardama.

Abin da duk muke kira wankin hoto, aiki uku ne daban-daban. Na farko shi ne wanda ya ci sunan wanki da gaske. Wani babban inji ne, yawanci Fuji Frontier ko Noritsu, duka 'yan Japan, girmansa ya kai firjin shago biyu. Haske yake harbawa a kan takarda ta musamman, sannan takardar ta ratsa ruwan sinadarai, a ɗauraye ta, a busar, ta faɗo da ɗuminta. Babu tawada ko ɗigo ɗaya a ciki, launin a jikin takardar yake. Ki juya bayan hoton, za ki ga sunan takardar a rubuce a karkace, irin su Fujicolor Crystal Archive ko Kodak. Irin wannan yana shekaru gommai in an adana shi, kuma ɗigon ruwa ba ya wanke shi. Amma yana da sharaɗi. Sinadarin nan yana son zafi tsayayye, wajen digiri 35, kuma yana son a yi ta aiki da shi ana sabunta shi. Wurin da ba ciniki, ko wurin da wuta ke ɗaukewa a kashe inji don tsimin man janareto, sinadarin yakan gaji, sai ki ga baƙi ya fito kamar ruwan ƙasa, fari ya yi kore-kore. Saboda haka in kin shiga wurin wanki kin tarar da masu hoton biki sun yi layi da filas a hannu, wannan alama ce mai kyau, ko da za ki jira. Su ne suka san inda aiki ke fita, don su ake zagi in hoto ya ɓaci.

Na biyu shi ne ɗan injin da kike gani wurin 'yan yanzu-yanzu a ƙofar wurin biki, waɗanda kafin a gama rabon abinci sun shimfiɗa hotuna a tebur. DNP, HiTi, ko ɗan ƙaramin Canon Selphy. Zafi yake amfani da shi ya narka launi daga wani kirtani mai kama da leda, takardar ta shiga ta fita sau huɗu: ruwan ɗorawa, ja-ja, shuɗi, sannan wata shimfiɗa mara launi da take rufe saman. Wannan shimfiɗar tana kare shi daga ruwa da shatin yatsa. Mutane suna raina shi saboda a bakin titi ake ganinsa, amma ga ƙananan hotuna na rabo ba shi da laifi ko kaɗan. Iyakarsa dai ba ya yin manya.

Na uku shi ne firinta mai fesa tawada, kuma a nan ne alheri da sharri suke kwana ɗaki ɗaya. Akwai masu tsada da suke amfani da tawada mai ƙwayar launi, waɗanda gidajen adana kayan tarihi ma da su suke aiki, kuma suna iya fin na wankin ruwa daɗewa. Wasu sababbin injinan Fuji da Noritsu ɗin ma fesawa suke yi, kuma aikinsu yana da kyau. Amma abin da ya cika shagunan unguwa shi ne firinta mai tanki, irin su Epson L805 da L1800. Injin kansa ba shi da aibu, ranar farko hotonsa har ya fi na kowa ɗaukar ido. Matsalar ita ce abin da ake ɗura masa. Tawadar kamfani tana da tsada, sai a sayo ta kwalba mara suna, a haɗa da takarda mara suna. Irin wannan tawada rini ce kamar na tufafi, haske da iska suna cinye ta, kuma ba lokaci ɗaya launukan suke gudu ba. Shuɗin yakan riga tafiya, shi ya sa muka koma jajaye ni da ragona. Ina kyautata zaton abin da ya sami albam ɗin ƙawarki ke nan.

Ban ce na bakin layinku haka yake ba, don ban gan shi ba. Ki je ki gani. Ki tambaye shi kai tsaye, "Malam, da wane inji kake wankewa?" Mai aikin kirki da alfahari zai nuna miki. Wani ma zai gaya miki gaskiya cewa shi karɓa kawai yake yi, Kano yake aikawa a wanko. In haka ne kin huta da hawa mota, sai dai ki san ribarsa tana kan kuɗin.

Shawarata ta ainihi ita ce kada ki miƙa wa kowa aikin gaba ɗaya sai kin yi gwaji. Ki zaɓi hotuna biyar masu wuya. Ɗaya na kusa da fuskarki da kwalliya. Ɗaya na ango cikin farar shadda a rana, ki ga ko aikin wuyan rigar zai fito ko zai narke ya zama fari fat. Ɗaya na dare a wurin dina inda fitilu suka cakuɗe. Ɗaya na taro, mai farare da baƙaƙen mutane a jere. Ɗaya kuma mai jan kaya ko kore shar, don ja yana ba injina wahala. Ki wanke biyar ɗin nan a shagon layinku, ki sa a wanko miki su a Kano, girma ɗaya. Kuɗin duka ba wani mai yawa ba ne. Ki shimfiɗa su a tsakar gida da hantsi, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba, ki ɗauko kayan da kika saka ranar ki ajiye a gefe. Ki jiƙa yatsa ki goga a kusurwar kowanne ki ga ko launi zai biyo ki. In kina da haƙurin mako biyu ko uku, ki rufe rabin hoto ɗaya daga kowane wuri da kwali, ki ajiye su a taga inda rana ke bugawa, sannan ki buɗe ki kwatanta rabin da ya sha rana da wanda aka rufe. Tawadar banza tun a nan take fara nuna hali. Hajiya da ta jira wata takwas za ta iya ƙara mako uku.

Kuma wannan ne zai raba ki da maigida lafiya. Kada ki koma masa da dogon bayani tunda ya ce ya gaji da zancen. Bayan ya ci abinci ki ajiye masa hotonsa na farar shadda guda biyu, ki ce wanne ya fi. Gani ya kori ji. In ya nuna na bakin layin, kuma gwajin taga bai kunyata shi ba, ki yarda ya yi gaskiya, kuɗinku ya huta.

Wajen duba fuska ki tsaya sosai. Tun asali harkar wankin hoto mai kala ba da fatarmu aka auna ta ba. A shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa wuraren wanki wani kati mai hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley, da shi ake daidaita inji, in fatarta ta fito daidai an ce komai ya yi. Sai a shekarun 1990 suka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Injinan yau sun wuce wannan, amma sun zo da nasu: suna da gyaran kai-tsaye da yake ƙara haske in ya ga hoto ya yi duhu, ga kuma yaron da ke zaune gaban kwamfuta wanda ya yi imani kowace amarya so take ta yi fari. Sai a miƙo miki hoto fuska ta yi toka-toka, wuya da hannu kuma nasu launin daban. Idan mai hotonki ya riga ya gyara su kuma kin gamsu, ki ce musu a fili kada a taɓa kala, kada a ƙara haske, a fitar yadda yake. Abu ɗaya dai zan kare su a kai. Hoto a takarda kullum yakan fi na waya duhu kaɗan, saboda waya fitila ce, takarda kuwa sai hasken ɗaki ya faɗa mata. Wannan ba ha'inci ba ne.

Sai yanka, wanda yake haddasa faɗan dangi ba tare da kowa ya nufa ba. Hoton kyamara tsawonsa uku ne faɗinsa biyu, ya dace da takarda mai 4 da 6, ko 8 da 12. Na waya yawanci huɗu ne da uku. Takarda mai 8 da 10 kuwa ta fi su kusa da murabba'i, don haka in aka ɗora mata hoton kyamara sai an zubar da kashi ɗaya cikin shida na tsawonsa. Injin ba ya tambaya, gefe da gefe yake datsewa. Wadda take tsaye a ƙarshen layi ita ce za ta tafi, kuma in aka yi rashin sa'a ƙanwar Hajiya ce, kin san sauran labarin. A hoton tsaye kuma gwaggwaron da aka ɓata awa guda ana naɗawa shi ake fille wa kai. Na taro ki ce 8 da 12, ko ki ce a bar farin gefe kada a yanke komai, kuma ki sa a nuna miki a kwamfuta kafin a danna.

Game da kuɗi, ba zan faɗa miki farashi ba, don takarda da sinadari da tawada duk daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashinsu bin dala yake yi. Abin da aka gaya miki wancan watan ba lalle ya kai yau ba, saboda haka ki sa a rubuta miki a rasit: girma, adadi, irin takarda, ranar karɓa. Inda za ki yi tsimi ba a ingancin wanki ba ne, a yawan hotunan ne. Wa zai zauna ya kalli hoto ɗari shida? Rabinsu maimaici ne, kin juya hagu, kin juya dama, wata ta rufe ido. Ki zauna da ƙanwarki ko aminiyarki ku tace su zuwa ɗari ko ɗari da ashirin. Hoto ɗari a wuri mai ninkin kuɗi bai kai ko rabin kuɗin ɗari shida a wuri mai araha ba. Da haka kuɗin da maigida ya bayar zai isa, har ki sami na mota.

In albam ɗin irin na zamani ne mai shafuka masu kauri da ake buɗewa shimfiɗe, akwai ƙarin abin dubawa, don a nan manne hoton ake yi a kan allo, kuma gam ɗin banza ba ya jure zafin bazararmu. Shafi yakan kumbura ko ya bankare, tsakiya ta tsage. Kada ki tsaya kan sabon samfurin da suke ajiyewa a gilashi. Ki ce a nuna miki wanda ya daɗe a shagon yana shan hannu, ki duba gindin ɗinkin da kusurwoyi. Ki kuma dage a turo miki tsarin shafukan ki gani kafin a buga, in ba haka ba za ki tarar an cika miki gefe da furanni da zukata da rubutun Turanci, an kuma kuskure harafin sunan mijinki. Takarda mara ƙyalli ta fi dacewa da albam da zai yi ta yawo hannu-hannu, mai ƙyallin tana kwashe shatin yatsa, musamman in an ci cincin.

Ta Legas ɗin nan kuwa, ban ce macuciya ba ce, wataƙila ma ta fi su iya aiki. Amma hoton albam a Instagram ba albam ba ne, kuma ba ki da tabbacin ma nata ne. Biyan kuɗi duka ga wadda ba ki san ƙofar shagonta ba, a garin da ba za ki iya zuwa ki tsaya mata a kai ba, ya yi min nauyi. In ya iso da kuskure wa zai biya kuɗin mayarwa? In har ranki ya kwanta da ita, ki nemi wadda ta taɓa karɓar aikinta a hannu ki je ki taɓa shi, ki ba da rabi kafin alƙalami, sauran sai ta nuna miki bidiyon aikin shafi-shafi. In ta ƙi, ki bar ta.

Kin lissafa kyau da kuɗi da sauƙi, kin manta na huɗu, wanda a wurina ya fi su: amana. A cikin ɗari shidan nan akwai na ranar lalle da na kamu, inda ke da ƙawayenki kuke ba mayafi, kuna cikin ɗaki kuna abinku don kun san mata ne kawai. Duk hoton da ya shiga kwamfutar wurin wanki yana nan zaune sai an goge shi, kuma yaran shago da abokansu da suke zuwa cajin waya duk suna iya buɗewa. Kada ki miƙa wayarki a jona. Ki sayi sabon filas, ki zuba waɗanda kika zaɓa kaɗai, wannan kuma zai kare ki daga kwaso wa wayarki cutar kwamfutarsu. In an gama ki tsaya a goge a gabanki, har daga kwandon shara na kwamfutar. Waɗanda aka buga suka lalace ki ce a ba ki su ki tafi da su, kada su ƙare a hannun mai ƙosai. Ko kirtanin injin 'yan yanzu-yanzun nan, in aka ɗaga shi a haske ana ganin inuwar duk hoton da ya buga. Ki kuma faɗa musu, gara ma a rubuce ta saƙo, cewa ba ki yarda a sa hotonki a talla ba, ko a bango ko a intanet. Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma ba na so ki kai ga neman doka bayan hoto ya riga ya zaga gari. Waɗanda ba na ganin kowa ba kuma, ki tambayi ƙawayen da suke ciki kafin ki wanke, ko ki bar su a inda suke.

Na bar hoton Mama a ƙarshe don shi ne kaɗai abin da in ya ɓace ba mai mayar miki. Kada ki ba direba shi a tasha, kada ki bar shi ya kwana a shagon kowa, ko an ce miki gobe da safe. Ki kai shi da hannunki, a yi masa sikanin, wato a kwafe shi da inji zuwa kwamfuta, kina tsaye, ki mayar da shi jaka. Ki ce a yi a kan ɗigo 600 a kowane inci ko sama, a ba ki fayil ɗin yadda ya fito kafin a gyara komai. Duk gyaran jirwaye da tsagewa a kan kwafi za a yi. Za su ce miki a yi masa lamineshin don ya daɗe, ki ƙi. Zafi da gam ne, ba a cirewa, kuma in danshi ya shiga ta gefe hoton yana ruɓewa a ciki kina kallo. In kuma a firam yake ya manne da gilashi, kada a ɓanɓare shi, fuskar za ta biyo gilashin. Da gilashin za a ɗauka.

Yanzu an shigo da yayin gyaran tsofaffin hotuna da manhajar ƙirƙirarriyar basira. Cikin minti ɗaya za a miƙo miki hoto garau, fata sumul, ido na walƙiya. Ki dube shi da kyau, don manhajar ba ta san Mama ba. Inda hoton ya dushe cikewa take yi da fuskokin da ta saba gani, sai ta goge zanen kumatu ko wushirya ta ɗauka datti ne, ta sake siffar hanci. Na ga wanda aka yi wa wata tsohuwa aka share mata tsagar gado tas, 'ya'yanta suka yi shiru suna kallo, babbar ta ce wannan ba Inna ba ce. Ki kai wa wata 'yar'uwar Mama ta gani kafin a wanke. Kuma kada ki matsa a yi shi ƙato. Ɗan ƙaramin hoto yana jure ninki biyu, in ya yi kyau sosai uku. A tsaya a 8 da 10, ki wanke guda huɗu ko biyar ki raba wa 'yan'uwanki, kada ya sake zama shi kaɗai.

Da ni ce ke, ga yadda zan raba aikin bayan gwaji. Albam da babban hoto da na Mama in kai Kano da ƙafata rana ɗaya, in fita da sassafe, in tsaya a yi na Mama da babban a gabana, albam ɗin in ya kammala a ba direban da na sani. Ƙananan na rabo in bar wa na bakin layi in ya ci gwajin, don shi ne za ki riƙa komawa gobe in Allah Ya kawo suna, kuma in ya yi kuskure taku goma ne. Na Hajiya dai ki haɗa da na Kano, a sa mata a firam.

In sun iso, kuma gidanku ana rataye hoto, ki nemi bangon da rana ba ta bugawa kuma ba ya tsattsafo da damina. A sa kwali tsakanin hoton da gilashi don kada su manne. Ki nisanta shi da inda kike ajiye kaskon turaren wuta, na san amare, hayaƙin nan a hankali yake rina komai. Albam ɗin a cikin kwalinsa a sif, ba ƙarƙashin katifa ba. Na asalin kuma da mai hoto zai ba ki, ki ajiye su wuri biyu, filas ɗaya a wurinki, kwafi ɗaya a Google, inda kowane asusu yake da gigabait 15 kyauta. Ki rubuta lambar sirrin a takarda ki saka a cikin kwalin albam ɗin.

Ki gaishe min da Hajiya, ki ce mata hoto yana hanya.